Kuɗin Asibiti: Daga Ina Gyara Ke Zuwa?

Asibitin kuɗi ba dogon layi, amma sai mai hali. Na gwamnati da sauƙi, sai dai magani da safar hannu duk daga aljihunki. Shi ya sa wata ke naƙuda a gida har a makara.

To, yaya ake samun gyara? Ku dubi Ghana. Da can sai kin biya kafin a duba ki. Jama'a suka yi ta kuka har maganar ta shiga zaɓen 2000. Aka kafa dokar inshorar lafiya a 2003, haihuwa ta zama kyauta a 2008.

Nijeriya ma ta wajabta inshora a 2022, amma doka ba ta aiki da kanta. In masu neman ƙuri'a sun zo, kar atamfa da sabulu su rufe mana baki. Mu tambaye su zancen kuɗin awo da haihuwa.