In Soket Ya Mutu, Kada Ka Yi Gaggawa

Ya kai mai gida, ko a Makarfi kake, ko Ikara, ko Kudan, in akwai wutar lantarki a gidanka, ka karanta wannan, ka kuma karanta wa iyalinka.

Wutar da ke shigowa gida ƙarfinta bolt 230 ne. Tana iya tsayar da zuciyar ƙato nan take. Don haka ake sa makunnin tsaro a akwatin wuta. Za ka gane shi da ɗan maɓalli mai harafin T. Aikinsa auna wutar da ta fita da wadda ta komo. In wata ta zurare ta bi ruwa, ko bango, ko jikin mutum, ko da miliamfa 30 ce, sai ya faɗi ya yanke wuta kafin ƙiftawar ido.

Makunni ɗaya yakan tsare soket da yawa. Saboda haka soket na zaure yana iya mutuwa, alhali ɓarnar tana can madafa.

To, ga abin da za ka yi:

1. Duba ko maƙwabta suna da wuta. Watakila ɗauke ta aka yi.
2. Goge hannunka ya bushe, ka sa takalmin roba, ka duba akwati ko makunnin ya faɗi.
3. Zare kome daga kowane soket: dutsen guga, da firiji, da hita, da caja.
4. Ta da makunnin. In ya tsaya, riƙa mayar da kayan ɗai ɗai. Wanda ya sake kayar da shi, shi ne mai laifi. Ajiye shi sai an gyara.
5. In ya ƙi tsayawa bayan ka zare kome, ɓarnar tana cikin waya. Da damina yoyon rufi yakan jiƙa ta, ɓera kuma yakan ci ta. Bar shi a kashe, ka kira gwanin gyaran wuta.

Kada ka yarda a ƙetare makunnin da guntuwar waya don wuta ta dawo. Kada a sa ƙusa a madadin fis. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi, ya bar ƙofa a buɗe.

Bayan kowane wata uku ka danna maɓallin T. In wuta ta yanke, lafiya yake. In ba ta yanke ba, a sake shi.

In wuta ta kama mutum, kada ka taɓa shi da hannu, za ta haɗa da kai. Kashe babban makunni, ko ka ture wayar da busasshiyar sanda. Sa'an nan a kai shi babban asibitin Makarfi ko na Ikara, ko da ya ce ba ya jin kome, gama ƙunar wuta takan ɓuya a ciki.

Rigakafi ya fi magani.