Allurar Rigakafi: Tsakanin Haƙƙin Mutum da Haƙƙin Jama'a

Wata ƙa'ida da aikin likita ya ginu a kanta ita ce, ba a taɓa jikin mutum sai da yardarsa, bayan an yi masa cikakken bayani. An ƙarfafa wannan ƙa'ida a shekarar 1947, cikin dokokin Nuremberg, bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaje-gwaje a kan fursunoni. To, amma idan aka zo kan cututtuka masu yaɗuwa, ƙin yardar mutum ɗaya yakan shafi lafiyar maƙwabtansa.

Dalili kuwa shi ne, ƙwayar cuta ba ta ɗorewa cikin al'umma sai tana samun sabon jikin da za ta shiga. A inda ba a yi rigakafi ba, mai ƙyanda guda yana iya harbin mutum 12 zuwa 18. Idan kuwa kashi 95 cikin 100 na jama'a suna da kariya, sai ƙwayar ta rasa hanya, yaɗuwarta ta tsaya. Ta haka ne ake tsare jariran da ba su kai wata 9 ba, waɗanda lokacin allurarsu bai yi ba, da marasa lafiyar da garkuwar jikinsu ta raunana. Kariyar waɗannan tana hannun sauran jama'a.

Wannan ja-in-ja ya kai gaban Kotun Ƙolin Amurka a 1905, yayin da wani mai suna Henning Jacobson ya ƙi allurar agana a jihar Massachusetts, aka ci shi tarar dala 5. Kotun ta yanke cewa hukuma tana da ikon taƙaita 'yancin mutum domin tsare lafiyar kowa.

Sai dai doka kaɗai ba ta wadatarwa. A 2003 an dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda zargin cewa maganin yana hana haihuwa. Cutar ta ƙaru, har ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. An koma aikin a 2004, bayan an sake gwada maganin, daga bisani kuma sarakuna da malamai suka shiga wayar da kan jama'a. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

Saboda haka, nauyi biyu ne ke tafiya tare. Wajibin hukuma ne ta faɗi gaskiya game da amfanin allura da 'yan matsalolinta, kamar zazzaɓi ko kumburin wurin da aka yi ta, ta kuma amsa tambayoyin iyaye cikin mutunci. Wajibin magidanci kuma shi ne ya nemi bayani daga masana, ya tuna cewa shawarar da ya yanke a kan ɗansa tana iya kaiwa ga jaririn maƙwabcinsa.