Kaɗaicin Mai Gudun Dogon Zango: Yadda Sunan Littafi Ya Zama Karin Magana A Bakin Turawa

Duk ɗan kasuwar da kan leƙa jaridun Turanci, ko ya kama tashoshinsu a rediyo yayin da yake jiran a sallami kayansa a bakin iyaka, zai iya cin karo da wani irin kanun labari mai ɗaure kai. Yau ka ga an rubuta kaɗaicin direban dogon zango, gobe kaɗaicin mai tsaron ragar dogon zango, alhali kowa ya san mai tsaron raga ba ya zuwa ko'ina. Wanda bai san tushen maganar ba sai ya ɗauka marubucin ne ya yi tuntuɓen alƙalami. To ba kuskure ba ne, ara aka yi daga sunan wani littafi da ya haura shekara 60 da fitowa.

Sunan littafin The Loneliness of the Long-Distance Runner, wato Kaɗaicin Mai Gudun Dogon Zango. Alan Sillitoe ne ya rubuta shi, ya fito a 1959 a Ingila. Dogon labari ne da aka sa a farkon wani kundin gajerun labarai, kundin kuma ya ɗauki sunansa. An haifi Sillitoe a 1928 a birnin Nottingham, a gidan talakawa. Yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta ya kama aiki a masana'antar kekunan Raleigh, wato keken nan Rali da iyayenmu suka yi yayi. Daga baya ya shiga sojan sama, ya kamu da tarin fuka, kuma a kan gadon jinya ne ya rungumi karatu da rubutu. Ya rasu a 2010.

Labarin na wani saurayi ne mai suna Smith, ɗan shekara 17. Mahaifinsa ya mutu da ciwon daji na maƙogwaro, aka biya iyalin fam 500, kuɗin suka ƙare cikin ɗan lokaci. Shi da abokinsa suka fasa gidan burodi suka sace kuɗi, ya ɓoye su a cikin bututun da ke sauke ruwan sama daga rufin gida. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ranar da ɗan sanda ya zo yana yi masa tambayoyi a ƙofar gida sai ruwa ya tsuge, takardun kuɗi suka fara fitowa daga bututun a gaban idon jami'in.

Aka kai shi gidan horon kangararrun yara, irin wanda Ingila ta soke a 1982. Shugaban gidan ya lura yaron yana da gudu, sai ya ba shi damar fita shi kaɗai da asuba, cikin tsananin sanyi, yana atisaye a daji, don ya ciyo wa gidan kofi a wata babbar gasa. A wannan gudun na asuba ne Smith ya samu sararin yin tunani, har ya gane cewa shugaban bai ɗauke shi a bakin komai ba illa dokin sukuwa, wanda idan ya yi nasara mai doki ake yi wa kirari. Ranar gasa ya bar kowa a baya, amma da ya iso dab da layin ƙarshe sai ya ja ya tsaya, yana kallon manyan baƙi, har wani ya zo ya wuce shi. Ya sha aikin wahala na watanni saboda haka, bai kuma yi nadama ba.

A 1962 Tony Richardson ya mayar da labarin fim, Tom Courtenay ya fito a matsayin yaron. Daga nan sunan ya bazu har ga waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ba. Faransawa ma suka fassara shi da La Solitude du coureur de fond, sunan da masu karatun Faransanci a Nijar, Kamaru da Chadi za su iya cin karo da shi.

Yadda Turawa ke amfani da sunan kuwa kamar ma'aunin tela ne: a bar farkonsa yadda yake, a cire kalmar mai gudu a sa wata sana'a. Mawaƙan Iron Maiden sun ɗauki sunan sukutum suka raɗa wa wata waƙarsu a 1986. A 2001 mawaƙan Belle and Sebastian na Sukotland suka rage zangon, suka ce kaɗaicin mai gudun matsakaicin zango. A 2020 kuma Adrian Tomine, wani mai zanen barkwanci a Amurka, ya fitar da littafi a kan rayuwarsa, ya kira shi kaɗaicin mai zanen dogon zango. Editocin jaridu na son wannan dabara saboda tana da sauƙi, kuma mai karatu na ganin ta zai ji kamar ya san maganar. Mu Hausawa mun fi sabawa da akasin haka, a ɗauko zancen hikima a raɗa wa littafi, kamar Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Su kuwa a nan sunan littafi ne ya koma karin magana.

Saboda haka idan mai karatu ya ga irin wannan kanu, abin da ake nufi shi ne mutumin da ke kan aiki mai tsawo da wahala, wanda babu mai ɗauke masa shi, ko da kuwa jama'a na kewaye da shi. Dogon zangon ba lalle ne na tafiya ba, yana iya zama na shekaru. Wani lokaci da tausayi ake faɗa, wani lokaci da zolaya.

Sai dai a wajen aron an zubar da rabin ma'anar. Masu kanun labarai sun riƙe kewa da ban tausayi, sun manta cewa yaron Sillitoe bai nemi tausayin kowa ba. Kaɗaicinsa shi ne wuri ɗaya tak da babu mai ba shi umarni, a nan ya auna wa yake yi wa gudu, kuma wa zai ɗauki kofin.

Wannan rabin da aka zubar shi ne ya fi kusa da mu. Bafatake, direban tirela da yaron mota da ke kwana a hanya tsakanin kasuwa da kasuwa sun san dogon zango fiye da duk wani edita a Landan. Ba muna cewa yaro ya yi koyi da Smith ya tsaya da kayan mutane a hanya ba, domin amana ita ce jarin fatauci, kuma Smith ɓarawo ne da bai tuba ba. Abin lura na ga maigida. Yaron da ka tura da kaya yana da dare mai tsawo na yin lissafi, kuma lissafin bai tsaya kan kuɗin kwastan da na mai ba, har da yadda ka ɗauke shi. Shugaban gidan horon nan ya ciyar da yaronsa, ya ba shi lokacin atisaye, amma bai taɓa tambayarsa abin da ke ransa ba, sai a ranar gasa ya ji amsar a gaban baƙinsa.