Yuzuru Hanyu: Gwarzon ƙanƙara da tsallen da ya gagare shi

A wasan zamiya kan ƙanƙara ba a karawa gaba da gaba kamar a dambe ko kokawa. Ɗan wasa shi kaɗai yake shiga fili da takalmi mai kaifin ƙarfe, ya bi kiɗa yana tsalle da juyi, alƙalai na ba shi maki. Faɗuwa guda tana iya rushe wahalar shekara huɗu.

A wannan fage Yuzuru Hanyu, haifaffen Sendai ta ƙasar Japan a 1994, ya yi suna. Yana cikin atisaye girgizar ƙasar 2011 ta lalata filinsu. A 2012 ya koma Toronto hannun mai horarwa Brian Orser. Ya ci zinare a gasar Olamfik ta Sochi a 2014, ya maimaita a Pyeongchang a 2018, wata uku bayan raunin idon sawu. Rabon da namiji ya ci sau biyu a jere tun Dick Button na Amurka, a 1948 da 1952.

A Beijing a 2022 ya yi kasadar gwada tsallen Axel mai juyi huɗu da rabi a iska, wanda ba a taɓa kammalawa a gasa ba. Ya faɗi, ya ƙare na huɗu, kuma a Yulin shekarar ya bar gasa. A Satumba Ilia Malinin na Amurka, mai shekara 17, ya kammala tsallen.