Idan jinin al'ada ya wuce kima

Idan jini ya daɗe bai ɗauke wa mace ba, tambayar da ta fara zuwa bakinta ta sallah ce: har yanzu haila ce, ko ya koma istihala? Malaman Malikiyya sun ce iyakar haila kwana 15 ne. Sai dai wannan iyaka ta ibada ce, ba ta lafiya ba. Likitocin mata kan fara damuwa da zarar jini ya haura kwana 7. Ke nan mace za ta iya kwana 10 a fiƙihu tana cikin hailarta, alhali jikinta yana zurarewa a hankali.

A littafin likita, jinin da ya wuce mililita 80 a wata ya yi yawa, amma ba wadda ke aunawa. Abin da mace ke gani shi ne audugar da ke jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya ko biyu, ko haɗa auduga biyu amma zani ya ɓaci, ko tashi tsakar dare don canzawa, ko gudaji masu girman murfin kwalba. Sai kuma abin da ake ɗora wa aikin gida: jiri in ta miƙe, haki a ɗan hawa matakala, idon da aka ja fatarsa ya fito fari fat, da kwaɗayin cin farar ƙasa. Wannan ƙarancin jini ne, kuma zogale da hanta kaɗai ba sa cike gurbin da ake buɗewa kowane wata.

Wata za ta ce, "Ai haka mahaifiyarmu take." To, wannan ma dalili ne na zuwa asibiti, domin akwai matsalar daskarewar jini da ake gado, irin cutar von Willebrand. Ƙari a mahaifa kuwa, wanda shi ma ke jawo yawan jini, ya fi yawa a tsakanin mata baƙaƙen fata, kuma hoton ciki yana nuna shi. Babban abin da ke hana mata zuwa shi ne tsoron a ce za a cire mahaifa. Tsoron ba na banza ba ne ga mai son haihuwa, amma tiyata ba ita ce matakin farko ba. Akwai ƙwayar tranexamic acid da ake sha a kwanakin jini kawai, akwai magungunan daidaita sinadaran jiki, akwai maganin ƙarin jini. Wanda ya kamata a guje masa shi ne asfirin daga kemis, don yana ƙara zubar.

Wasu yanayin ba sa jira. Jini mai yawa bayan ɓatan wata yana iya zama ɓari ko ciki a wajen mahaifa, balle in da ciwon mara mai tsanani ko suma. A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Wadda ta shekara da daina al'ada kuma ta ga jini, ko ɗigo ne, a duba ta don kawar da zargin sankarar mahaifa.