Ma'aunin Matsi Na Tangaran Da Yadda Ya Ke Aiki

Duk abin da ke gudana cikin bututu, ruwa ne ko mai ko iska, yana danna jikin bututun da wani ƙarfi, shi ne a ke kira matsi. In ya yi yawa bututu ya fashe, in kuwa matsin mai ya gaza a cikin inji, sai injin ya ƙone. Saboda haka masu aikin injuna ba su wasa da ma'auninsa.

Tangaran ɗin da a ke yin wannan ma'auni da shi ba irin na kofin shayi ba ne. Da garin alumina a ke yin sa, wanda ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,000. A kan gasa shi ya zama ɗan faifai marar kauri, a ɗaure gefensa tamau kamar fatar ganga. In ruwa ya danna shi sai ya ɗan lanƙwasa, lanƙwasar da ido ba ya gani. Da matsin ya sauka sai ya koma yadda ya ke sak.

To, yaya a ke karanta wannan lanƙwasa? Tun cikin 1856 wani masani na Biritaniya, William Thomson, ya gano cewa in aka ja waya, turjiyar da ta ke yi wa lantarki tana sākewa. Don haka a kan buga 'yan layuka huɗu masu turjiya a bayan faifan, a sāke gasa shi a zafin digiri wajen 850 su manne. In faifan ya lanƙwasa, biyu su miƙe, biyu su takure, lantarkin da ke fita ya sāke gwargwadon matsin.

Fifikon tangaran shi ne ba ya tsatsa, kuma ruwan gishiri da yawancin sinadarai ba su cin sa. Shi ya sa a ke sa shi a motoci, da na'urorin sanyaya ɗaki, da masana'antun abinci da magani. A kan kuma zura shi cikin rijiyar burtsatse a san zurfin ruwa, domin kowace mita 10 ta ruwa tana ba da matsi wajen ba 1, watau kimanin nauyin kilo 1 a kan wuri kamar faɗin farce.

Amma fa tangaran tangaran ne. Ƙarfe in ya sha wuya ya kan lotsa, shi kuwa tsagewa ya ke yi. Saboda haka inda ruwa ke bugowa farat ɗaya, kamar bututun da a ke rufe wa famfo da gaggawa, wajibi ne a sa masa abin rage bugu a gabansa.