Gurbin Suna a Saƙon Talla da Ladabin Kiran Mutum a Ƙasar Gwandu

Dillalan taki da iri da maganin feshi da ke hulɗa da manoman Cheberu da sauran garuruwan Gwandu da Kalgo suna iya aika wa mutum ɗari biyar saƙo ɗaya ta waya, kowa kuma ya ga sunansa a kai tamkar shi kaɗai aka rubuta wa. Dabarar ba ta da wuya. Mai talla yana rubuta saƙon sau ɗaya, ya bar wurare a buɗe da ake kira gurbi, wato wurin da manhaja za ta cike da suna ko gari ko irin kayan da mutum ya saba saya, sannan ya haɗa saƙon da jadawalin abokan cinikinsa, inda kowane layi yake ɗauke da bayanin mutum guda. Manhajar tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, tana ɗauko abin da ke ciki tana sakawa a gurbinsa.

Tsarin rubutu tsayayye mai wuraren cikewa daɗaɗɗe ne a wannan ƙasa, domin wasiƙun Larabci da suka riƙa fita daga fadar Gwandu tun zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo suna da mabuɗi sananne, daga wane zuwa ga wane, sai gaisuwa, sai buƙata, kuma magatakarda ya san laƙabin da ya dace da darajar kowa. Manoman Kebbi sun fara ganin na'ura tana wannan aiki da yawa a 2012, lokacin da ma'aikatar gona ta tarayya ƙarƙashin Akinwumi Adesina ta ɓullo da shirin GES, wanda ya riƙa sanar da manomin da ya yi rajista ta wayarsa cewa ya je ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi.

Matsalar ita ce yawancin manhajojin an ƙera su ne don al'ummomin da kiran mutum da sunansa na yanka yake nuna kusanci, alhali a ƙasar Hausa yaro ba ya kiran dattijo da gundarin sunansa, kuma saƙon da ya buɗe da Umaru ko Hauwa kai tsaye, ba Malam ba Alhaji ba Hajiya, yana iya zama raini a wurin mai karɓa. Haka kuma mutane da yawa suna rufe sunansu da sunan gari, kamar Gwandu ko Kalgo ko Jega, wasu da sunan mahaifi, don haka manhajar da ta ɗauki suna na ƙarshe a matsayin sunan kira za ta kira mutum da garinsu, ko ta kira mace da sunan babanta. Nahawu ma yana da tasa buƙata, domin Hausa tana bambanta namiji da mace a cikin jimla, kuma saƙon da ya ce wa Hajiya takinka ya iso ya riga ya tona cewa babu wanda ya duba shi. Maganin wannan shi ne jadawalin ya samu shafi na laƙabi da na jinsi, ko kuma a rubuta saƙon da wakilin suna na jam'i, a ce takinku, wanda ya dace da kowa kuma ya fi girmamawa.

Akwai lissafin kuɗi da masu talla kan manta. Gajeren saƙo na waya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar harafi mai lanƙwasa irin su ɓ ko ɗ ko ƙ ya shiga, tsarin yakan sauya zuwa wani mai ɗaukar 70 kawai, ta yadda suna ɗaya kamar Ɗanladi zai iya mayar da saƙo guda zuwa uku, a biya kuɗin uku. A WhatsApp kuwa, jerin watsa saƙo na yau da kullum ba ya wuce mutum 256, kuma wanda ya adana lambar mai aikawa ne kaɗai zai gani. Ga manomin da ya fi sabawa da ajami fiye da boko, saƙon murya ya fi isar da magana.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne amana. Lambar waya da sunan mutum ba kayan tsintuwa ba ne, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum damar ƙin amincewa a yi amfani da bayanansa wajen talla, kamar yadda hukumar sadarwa ta NCC ta samar da lambar 2442 tun 2016 domin toshe saƙonnin da ba a nema ba. 'Yan damfara ma suna cike gurbin suna, shi ya sa ganin suna a saƙo ya daina zama shaidar gaskiya, kuma dole mai talla ya ambaci shagonsa da kasuwar da yake da lambar da za a kira mutum ya amsa. A karkara waya ɗaya takan wadatar da gida guda, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma kamfani yakan sayar wa wani, don haka saka adadin bashin da ake bin mutum a gurbi hanya ce ta tona asirinsa a gaban iyalinsa ko baƙo.

Dillalin da ya tara lambobin daga littafin cinikinsa da izinin masu su, ya rubuta kowa da sunan da ake kiransa a gari, ya kuma gwada saƙon a wayarsa kafin ya aika, zai samu amsa fiye da wanda ya sayi jerin lambobi dubu a hannun wanda bai sani ba. Ya kamata ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa a Gwandu da Kalgo su daina miƙa rajistar membobinsu ga masu talla sai da yardar membobin.